Ranar da Inna ta zura hannu a buhuna

In dai ina numfashi, ba zan manta da wata ranar kasuwar Guci ba, ranar da na kusa sayo wa iyalina yunwa da kuɗina, ina tafe ina murmushi.

A lokacin ina koyarwa a wata lakwal a Dungas. Akwai wata dattijuwa a unguwarmu, kowa Inna yake ce mata, wadda sana'arta ke nan yi wa gidajen ma'aikata sayayya. Takan bi gida-gida ta ji abin da ake buƙata, ranar kasuwa ta hau motar Guci, ta haɗa sayayyar gida goma wuri ɗaya don a yi mata ragi. Da la'asar ta dawo ta raba wa kowa nasa: gero, wake, man gyaɗa, busasshiyar kuɓewa, daddawa. Ladanta jika ɗaya ne a wata daga kowane gida. Matata ta shiga tsarin, ni kuwa jikar nan ta tsaya mini a rai. Ni da nake koya wa yara lissafi, a ce sai na biya tsohuwar da ba ta taɓa zama a aji ba kafin in ci tuwo?

Da kaka ta yi, na ce wa matata ta sallame ta. Ta ce, "Malam, ka bar baiwar Allahn nan. Tunda ta fara mana, ka taɓa tauna tsakuwa a gidan nan?" Na ce ai ni ma ina da ido. Ban ma iya zuwa na gaya wa Inna da bakina ba, matata na tura. Har yau in na tuna wannan sai in ji kunya.

Abin da na tara shekara guda na ɗauka, don in sayo buhu uku na gero da za su kai mu wata kakar, ni da matata da yara huɗu da mahaifiyata. In kuɗin nan suka salwanta, ba ni da wasu. Amma haka na shiga kasuwa da shadda mai sitati, ga biro a aljihu, kowa ya gan ni ya san baƙo ya zo. Wani mai hatsi ya tare ni da fara'a, ya kira ni yadda ake kiran malamin lakwal, "Mushe, bisimilla, ga na gidan gona." Ya kwance buhu, gero fes, kuma farashinsa ƙasa da na kowa. Na ja ciniki, ya ƙara ragewa, na ji kaina ya yi girma. Aka ɗora mini a amalanke zuwa tasha.

A tashar na tarar da Inna zaune cikin ƙullin kayanta tana jiran mota. Na gaishe ta, kuma don neman magana na gaya mata nawa na saya. Ta dubi buhunan, sannan ta ce, "Mushe, kwance mini bakin ɗaya."

Ta naɗe hannun riga, ta zura hannunta har ya wuce gwiwar hannu, ta ɗebo daga can tsakiya ta zuba mini a tafi. Ɗumi na ji. Ta ba ni ƙwayar sama ta ce in tauna, ta fashe ƙas. Ta ba ni ta tsakiya, sai ta lotsa a haƙorina.

Ta ce, "Ɗanye ne. An sussuke shi bai bushe ba, aka rufa masa busasshe a baki. Ka jibge wannan a ɗaki, kafin sati uku ya yi baƙi, ko akuya ba za ta ci ba."

Mota ta cika, direba yana ta danna oda, kuma babu wanda zai ga laifinta in ta shige ta bar ni da wayona. Sai na ji ta ce wa direban, "Tafi da kayana ka aje mini a tashar Dungas, ni na biyo ta baya." Ta gyara mayafi, ta sa aka mayar da buhunan kan amalanke, ta ce in wuce mu koma wurin mai hatsin.

Na zaci faɗa za ta yi. Ko murya ba ta ɗaga ba. Ta gaida mai hatsin, ta tambayi jikin gyatumarsa, har sunan ƙauyensu ta kira. Sannan ta buɗe hannu ta zuba geron a gabansa, ta ce, "Ɗan nan, wannan ɗana ne. Gida goma nake saya wa, kuma sati mai zuwa ma ina nan tafe." Mutumin ya hau share gumi yana cewa laifin masu sussuka ne. Nan take ya musanya, ita kuwa ta tsuguna tana tauna ƙwayar kowace tiya da aka auna kafin a juye. Sai da na yi ciko, domin busasshen gero ba ya zuwa da wancan farashin. Arahar da nake taƙama da ita ruwa ce kawai.

A motar dawowa na miƙa mata kuɗi, ta ture hannuna. Ta ce, "Yau ba aiki na yi maka ba, ai ka sallame ni. Don tsohuwarka da yaran nan na yi. In kana so in ci gaba, ka zo gida ka faɗa da bakinka." Washegari da safe, kafin in tafi lakwal, ina ƙofar gidanta. Geron nan kuwa ya kai mu har sabo ya fito.

Daga ranar na gane cewa ni kuɗin mota da tafiyar ƙafa kawai nake lissafawa, ban taɓa sa hannun nan da haƙoran nan a lissafi ba, waɗanda suka shekara talatin suna koyon hatsi. Wanda ya san aikinsa, in ka biya shi, kai ne ka ci riba. Inna ta riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙanta. Ni kuwa har yau in na je kasuwa ina zura hannu a buhu, in tauna ƙwaya, in gyaɗa kai kamar na sani, alhali ba na rarrabewa.