Gwaiwar da na nuna a waya ta raba ni da aminina

Malam Edita, a gaishe ka da aiki. Inda rubutuna ya karkace ka miƙe shi, don bokona bai wuce firamare ba, ita ma firamaren ba a sallame ni ba, ni na sallami kaina. Amma maganar kada ka taɓa mini ita. A lokacin da abin nan ya faru ni dillalin dankalin Turawa ne da kabeji a kasuwar Farin Gada da ke Jos, gidana kuma a Dutse Uku. Gemu ya yi fari, sahun gaba a masallaci ba a cika shi sai da ni, in mata da miji suka yi rigima a layinmu ni ake kira sulhu. Ko tari na yi a bakin lungu sai ka ga samari suna ɓoye sigari a bayansu. Ka riƙe wannan hoton na dattijon kirki da kyau, don nan gaba kaɗan za ka ga ya tuɓe wando.

Ina da amini, manomi ne Kirista daga wani ƙauye a bayan gari, tsohon ma'aikacin gwamnati da ya ajiye aiki ya koma gona. Tun gashinmu yana baƙi yake kawo mini dankalinsa in sayar. Ba mu taɓa gaisawa irin ta mutanen kirki ba. Da motarsa ta tsaya zan ɗaga murya in ce ga Mai Burkutu ya iso, alhali ko ɗanɗana ta ba ya yi, shi kuma ya ce a ƙirga buhunan da kyau, Oga Ɓarawon Buhu yana nan. 'Yan dako har jiran ranar zuwansa suke yi don su sha dariya. Shinkafar Kirsimetinsa tana shiga gidana, naman layyata yana zuwa nasa, kuma lokutan da gari ya rikice mutane suka daina tsallaka unguwannin juna, shi bai daina kirana yana tambayar iyali ba. Shi ne ya ga babbar waya a hannuna ya ce jaki ya sami agogo. Ya zauna a kan buhu ya buɗe mini shafi a dandalin sada zumunta, ya sa mini lambar sirri, ya ce in riƙa saka hoton kaya masu saye su gani.

To akwai wata lalura da nake ɓoyewa. Gwaiwa ce, ta daɗe tana girma, ni kuma ina ƙara faɗin wando. Asibiti na ƙi zuwa saboda 'yar maƙwabcina tana aiki a can, na ce ba zan kwanta yarinyar da na halarci sunanta ta ɗaga mini riga ba. Ana cikin haka wata mata ta aiko mini da gaisuwa a shafin. Hotonta da farar riga irin ta ma'aikatan jinya, ta ce a ƙasar waje take aiki amma iyayenta 'yan Jos ne, tana kewar sanyin garin. Tana kirana Baba Alhaji, ni da ko filin jirgi ban taɓa shiga ba, ban kuma gyara mata ba. Kullum sai ta tambayi ko na ci abinci. Malam Edita, tsohuwata, wato uwar 'ya'yana, ta fi shekara talatin tana dafa mini, amma ba ta taɓa tambaya ko na ci ba, kwanon kawai take dubawa. Da hira ta yi nisa na gaya wa baƙuwar ciwon da ban gaya wa kowa ba. Ta ce abu ne mai sauƙi, akwai maganin da ke narkar da shi ba tiyata, sai dai dole ta gani da idonta ta kiran bidiyo kafin ta san wanda za ta aiko.

A nan zan so in ce maka neman lafiya kaɗai ya kai ni, kuma lauyan da ke cikin zuciyata haka ya yi ta faɗa. Amma mai zuwa ganin likita ba ya shafa turare ya gyara zaman hula kafin ya ɗauki waya, ni kuwa na yi. Da rana ne, bayan azahar, tsohuwa ta tafi Islamiyya. Na sa sakata na jingina wayar da fulas. Fuskarta ta fito, sai dai murya ba ta fita, ta rubuto cewa sabis ne ba kyau, in dai nuna wurin. Na nuna. Ta ce in matso, na matso. Can sai na ga likita ita ma ta fara cire tata rigar, abin da ban taɓa jin ana yi a wani asibiti ba. Mai hankali a nan zai kife wayar. Ni sai da na tsaya na tabbatar da abin da idona yake gani tukuna, kuma tabbatarwar ta ɗan ɗauki lokaci.

Kafin la'asar saƙo ya shigo. Bidiyo ne, ga ni nan da hulata da gemuna, daga cibiya zuwa ƙasa babu komai, a gefe kuma ga matar. Sai kira ya biyo, muryar ƙato. Ya ce in ban turo kuɗi ba kafin magariba, duk wanda ya san ni zai kalla. Ya fara jero sunaye: limaminmu, shugaban dillalai, surukina, da 'yata ta fari da ke aure a unguwar Rikkos, wadda ni ko sunanta ba na faɗa saboda kunya, shi kuwa ya faɗe shi garau. Na lallaɓa wurin mai POS na wata unguwa inda ba a san ni ba na tura. Ya rantse ya goge. Bayan kwana kaɗan ya dawo ya ce ogansa bai sami kasonsa ba. Haka muka yi ta yi har babur ɗina ya tafi, na ce wa mutanen gida bakanike ne ya riƙe shi. Abinci ya daina shiga. In waya ta yi ƙara a aljihun wani a masallaci, sai in ji kamar nawa asirin ne ya iso.

Cikin wannan rashin barci na zama ɗan sandan ciki. Na zauna na yi lissafi irin na mai ilimi: wa ya san limaminmu, ya san surukina, ya san sunan 'yata? Wa ya buɗe shafin, wa ya san lambar sirri? Ga shi kuma ƙaton da ke kirana Hausarsa irin ta mutanen bayan gari ce, yana cewa 'yarka zai gani. Duk hanyar da na bi sai ta kai ni ƙofar aminina. Na tuna ya taɓa kukan tsadar taki, na ce to ga dalili. Ban tambayi kowa ba, don tambaya tana nufin in faɗi abin da na yi. Na yanke hukunci ni kaɗai, ni ne alƙali, ni ne shaida, ni ne kuma mai laifin da ya tsere.

Ranar da ya kawo kaya ya sauko daga mota yana washe baki, ya ce yau Ɓarawon Buhu ya rame, ko an fara kama shi ne. Wannan kalma ta kamawa ita ta tunzura ni, na ɗauka gatse yake mini. A gaban 'yan dako da masu saye na ce ya kwashe dankalinsa, na gane shi, macuci ne mai cin amana, shi da yaran da ya sa suke tatsata. Ya tsaya yana dariya, yana jiran ƙarshen wasan. Sai na faɗi wadda ta fi kowacce muni. Na ce dama an gaya mini irinsu ba a amince musu, ko an shekara ɗari tare. Ya dube ni ya ce a hankali, “Oga, irinmu? Yau ni ne irinmu?” Da kansa ya taya yaran mota mayar da buhunan da aka riga aka sauke.

Da abin turawa ya ƙare, ƙaton ya cika alkawarinsa. Wata safiya sai ga 'yata ta fari ta shigo ba sanarwa, idonta ja. Ba ta dube ni ba, ni ma ban dube ta ba. Ta zauna kusa da uwarta ta juya mini baya, tana magana da uwar amma da ni take. Ta ce a gaya wa Baba an turo mata wani abu, ta gane hular ta rufe, ba ta kalli sauran ba. Ta ce a gaya wa Baba kada ya ƙara tura ko sisi, waɗannan mutane sana'arsu ke nan, kuma matar ma wataƙila tsohon bidiyo ne suka kunna masa. Na ce wa bango ai na san wanda ya ba su sunayen. Sai ta karɓi wayar uwarta, wadda ba ta da wata alaƙa da shafina, ta nemo ni, ta miƙo ta bayanta. Ga jerin abokaina nan a buɗe, kowa na duniya yana iya gani: liman, suruki, ita kanta, har da inda ta rubuta Allah ya ƙara wa Babana lafiya a ƙarƙashin hotona. Ba a bukatar lambar sirri, ba a bukatar amini. Tsohuwata kuwa da ta gama jin zance ta ce, “Gwaiwar da nake wanke wandonta shekara da shekaru ita ce sirrin da ka kai wa 'yar ƙasar waje?”

Abin da na ji tsoro ya zo, kuma bai kashe ni ba. Surukina ya raka ni muka kai rahoto wurin 'yan sanda, aka toshe lambobin, aka rufe shafin. Bidiyon ya isa wurin mutum kaɗan. Liman ya kira ni gefe ya ce ya goge nasa, in yi istigfari in kuma je asibiti. An yi gulma na ɗan lokaci, wani ɗan dako ya yi ta kirana Baba Fim a bayan idona, daga baya farashin tumatir ya tashi aka manta da ni. Tiyatar ma an yi, kuma 'yar maƙwabcin nan ce ta riƙa wanke mini ciwon, ba ta taɓa ɗaga ido ta dube ni ba.

Da na warke na hau mota na tafi ƙauyen aminina. Na same shi a gona. Na faɗa masa komai, har turaren ban ɓoye ba, ina fatan ya yi dariya ya samo mini sabon suna. Bai yi ba. Ya ce ya ji tausayina, kuma da na gaya masa tun ranar farko da shi zai raka ni wurin hukuma. Ya ce zargin sata bai dame shi ba, mai tsoro yana iya zargin uwarsa ma. Amma waccan kalmar ba tsoro ne ya ƙirƙire ta ba, tana ciki ne a ajiye, tsoro ya buɗe mata ƙofa kawai. Na rantse masa ba haka ba ne. Ya ce ya yafe, matarsa ta kawo mini gwate, ya raka ni har bakin titi. Yanzu dankalinsa wani dillali yake kai wa, rumfa kaɗan tsakaninmu. In ya wuce yakan tsaya ya ce ina kwana Malam, yaya iyali, cikin ladabi kamar ya ga baƙo. Ni kuma in amsa, in bi bayansa da kallo.

Don haka 'yan'uwana tsofaffi masu sabuwar waya, ku ji daga bakin wanda ya riga ku faɗawa. Duk wadda ba ka taɓa gani ido da ido ba ta ce ka buɗe jikinka a waya, ko likita ce ko malamar ruƙiyya, kife wayar. Ciwo a kai shi asibiti, ko jikarka ce take allura a wurin. In kuwa ƙaddara ta riga ta faɗa maka, kada ka biya, biya ba ya ƙosar da su, kuma kada ka zauna kai kaɗai kana lissafi. Nemi mutum ɗaya a ranar ka gaya masa, ka sha kunyar lokaci guda. Ni na ƙi shan ta a gaban mutum ɗaya a ɗaki, na je na zubar da amincin rabin rayuwata a tsakiyar kasuwa. Ɓarayin nan sun ɗauki hoton abin da ke cikin wandona ne kawai. Abin da ke cikin bakina ni na fito da shi da kaina, kuma shi ne har yau ban sami mai goge mini ba.