Shafin da Na Cire Daga Rahotonmu

A tafin hannunsa na fara ganin abin, wani ɗan allon lantarki kore wanda bai wuce girman akwatin ashana biyu ba. Yana tsaye bakin tagar ɗakin gwaji yana ɗaga shi sama don ya samu haske, rana tana wasa a kan ɗigon dalmar da ke jikinsa. Muna shekarar ƙarshe a jami'a a Wudil, ranar da aka kafe sunayen waɗanda za su yi aikin kammala karatu bibbiyu. Sunana yana ƙarƙashin nasa.

Ni kuwa tun ina sakandare nake ɓoye littattafan soyayya cikin murfin littafin lissafi. Na haddace yadda ake haɗuwa a cikinsu: kallo ɗaya, sai zuciya ta buga. Don haka da ya juyo ya ce, "Injiniya, ke ce abokiyar wahalar tawa?" sai na ji kamar an buɗe babin farko.

Aikin namu na'ura ce da za ta riƙa auna danshin ƙasa, ta kunna injin ban ruwa, ta kashe shi da kanta. Kawunsa yana noman rani a wajen Indabo, albasa da tumatir, shi ya ara mana gefen gona. Muka raba aiki. Shi zai rubuta shirin kwamfutar da ke karanta danshi. Ni zan haɗa kanel, wato zuciyar manhajar da ke tafiyar da komai a cikin na'ura, in sa ta zauna a kan ɗan allon nan.

A nan wahalar take. Furosesan babbar kwamfuta, wato ƙwaƙwalwarta, yana da wani sashe mai gadin memori, filin da ake ajiye bayanai. Shi ke yanka wa kowane shiri filinsa, idan wani ya tsallake iyaka sai a kama shi nan take, a kashe shi shi kaɗai, a kuma rubuta sunansa. Furosesan namu ɗan ƙarami ne, ba shi da wannan mai gadi. Kanel da duk shirye-shirye a fili ɗaya suke zaune. Dole tun wajen haɗawa a faɗi iya wurin da kowane shiri zai ci, kuma idan ya wuce, babu mai hana shi. Zai yi rubutu a kan na maƙwabcinsa kawai.

Wata biyu na yi ina fama kafin allon ya fara magana. Ranar da haruffan farko suka bayyana a fuskar kwamfutata, ya yi tsalle har ya ture kujera.

"Wallahi ke aljana ce! Taso, yau kifin bakin gada ni zan saya."

"Kifi ɗaya za ka ba aljana? Ka ji tsoron Allah, Malam."

"To biyu, ranki ya daɗe, amma kawunan nawa ne."

Muka zauna a benci muna kallon motoci suna hawa gada, yaji yana sa ni hawaye, shi yana dariya. Bai taɓa cewa yana so na ba. Ni na riƙa cike masa gurbin maganar daga abin da na karanta.

Da muka kai na'urar gona, sai ta fara wani hali. Takan yi aiki lafiya kamar minti arba'in, sannan ta sandare. Fitilar da ke ƙiftawa a jikinta ta tsaya, injin ya ci gaba da zuba ruwa har kawun ya zo ya kashe da hannu yana cewa, "Ku 'yan boko, albasata ba shinkafa ba ce." Babu saƙo, babu sunan mai laifi.

Kakata takan yayyafa toka a bakin rumbu idan tana son sanin ta ina ɓera yake shiga. Haka na yi. Na cika memorin da ke gefen filin shirinsa da lamba guda, na maimaita ta har ƙarshe, na bar na'urar ta yi aiki. Bayan rabin sa'a na duba. Lambobina sun goge, awon danshi ya hau kansu layi bayan layi, yana tafiya kai tsaye zuwa wurin da kanel take ajiye kayanta. Shirinsa ne yake tara awo ba ya zubar da tsoho.

Na rubuta wannan duka a shafi guda, da hoton memorin kafin da bayan, na sa a rahotonmu. Da ya karanta sai fuskarsa ta canza.

"Haba Injiniya. Idan malam ya ga wannan ai ya gama da ni. Layi biyu ne fa gyaran. Ki cire, zan gyara kafin ranar kare aiki."

"Ai ba zagi ba ne, bincike ne. Maki za mu samu."

"Ke za ki samu. Don Allah, ki rufa min asiri."

Ya faɗi haka da murya ƙasa-ƙasa, idonsa a cikin nawa. A littattafaina, irin wannan lokacin ne budurwa take sadaukarwa, daga baya a saka mata. Na cire shafin da hannuna, na goge shi daga kwamfuta don kada ma a yi kuskuren bugawa. Sau biyu na tambaye shi ko ya gyara. Ya ce in kwantar da hankalina.

Ranar kare aiki aka ce kowa ya kunna na'urarsa kafin a shigo. Muka kunna. Malamai suka gama da waɗanda ke gabanmu, sai aka kira azahar, suka fita salla. Na ga yana duba agogo, yana goge zufa, na ɗauka fargaba ce irin ta kowa. Ashe ya yi lissafin cewa gwajin ba zai wuce minti goma ba, bai taɓa ko layi ɗaya ba.

Suna dawowa, baƙon malamin da aka gayyato daga wata jami'a ya tsoma ma'aunin cikin bokitin busasshiyar ƙasa. Shiru. Fitila a tsaye.

"Me ya faru? Ɓangaren wa ne?"

Na juya na kalle shi. Har ga Allah na zaci zai yi taku ɗaya gaba.

"Ranka ya daɗe," in ji shi, "shirina yana tafiya lafiya a kan kwamfutata, ga shi ma in nuna maka. Kanel ce ta tsaya. Ita ta haɗa ta."

Ya nuna, kuma shirin ya tafi lafiya, domin babbar kwamfuta tana ƙara wa shiri wuri idan ya nema. Na ce shirinsa ne yake cin iyaka. Baƙon ya buɗe rahoton, ya bi shafi-shafi.

"Malama, idan kin san da haka, ina kika rubuta?"

Na'urar ba za ta iya ba da shaida ba, ni kuma na share tawa. Aka ba shi makinsa, ni aka ce in sake nawa ɓangaren a zango mai zuwa. Abokan karatuna suka tafi bautar ƙasa, na koma gida na gaya wa mahaifina, wanda ya riga ya sanar da 'yan'uwa cewa na gama. Bai yi faɗa ba. Ya ce kawai, "Ke da nake alfahari da ke?"

Abokin aikin nawa kuwa, na tare shi a bakin ƙofar makaranta washegarin ranar kare aikin, yana jiran mota zuwa Kano. Na tsaya a gabansa.

"Ki fahimce ni," ya ce. "Ke ko kin makara babu abin da zai same ki. Ni gidanmu gaba ɗaya ni ake jira."

Mota ta zo, ya shiga gaba. Bai leƙo ba.

Na sake aikin ni kaɗai. Gyaran layi biyu ne, kamar yadda ya faɗa, bai ɗauke ni tsawon shan shayi ba.

Shekaru bayan haka wata abokiyar karatunmu ta zo min barka, hira ta kai kan tsohon abokin aikin nawa. Ta ce yanzu malami ne a wata jami'a a wata jiha, yana da mata da 'ya'ya uku, ɗalibai suna yabon sa da tsantseni. Abu ɗaya kawai suke kuka da shi: duk wanda ya faɗo hannunsa a aikin kammala karatu, shi kaɗai zai yi. Ko an haɗa su bibbiyu daga ofis, sai ya je ya sa an raba su.