Mushe Ilyasu da Lambobin Tsakanin Ɗaya da Biyar

Shekara shida ke nan rabona da Dakoro. Ina nan Tamanraset ta Aljeriya ina kwaɓa siminti, da hantsi ƙanena Sani ya turo saƙon murya: Mushe Ilyasu ya rasu, an kai shi jiya bayan la'asar. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na ajiye shebur na zauna bisa bulo. Mai ginin ya yi ta faɗa da Larabcinsa, ban ɗaga kai ba.

Mushe muke kiran malamin lakwal, wato makarantar boko. A lakwal guda muka koyar, ni ina aji uku, shi yana aji biyar. Ni na ajiye alli don ya kasa ciyar da gidana, shi ya riƙe shi har ƙarshe. Ba zan ce ba shi da aibi don ya mutu ba. Yana da zafin rai, bai iya doguwar gaisuwa ba, in ya fara bayani kuwa ko shayinka zai huce ba ruwansa. Amma ban taɓa zama da mutumin da ke tsoron zaluntar yaro kamarsa ba.

Wata shekara, a jarrabawar da ke raba mai wucewa da mai maimaita aji, ya rubuta wa yaransa a tablo, babban allon aji: lambobi nawa ne tsakanin ɗaya da biyar? Abin da ya nufa uku ne, wato biyu, uku, huɗu. Duk wanda ya rubuta wani abu daban ya ba shi sifiri. Cikinsu akwai Ramatu, 'yar wani makiyayi daga wajen Azagor, tana zaune gidan gwaggonta don karatu. Mahaifinta ya riga ya yanke: in ta maimaita aji, ta koma bayan awaki. Makin tambayar nan kaɗai ya hana ta wucewa.

Ita ta rubuta cewa ba su ƙirguwa. Ranar da aka raba takardu ina bakin ƙofa na zo aron alli, na ji ya ce, "Ke Ramatu, lalaci ne ya hana ki ƙirga lambobi uku?"

Ta sunkuyar da kai. "Mushe, kai ka ce ɗaya da rabi lamba ce. Ka ce ɗaya da kwata ma lamba ce. Na fara jera su, sai suka ƙi ƙarewa."

Ya tsaya riƙe da takardar. Can ya ce, "Ni na faɗa."

Da la'asar ya sami direkta, shugaban lakwal ɗin. Direkta ya ce an riga an karanta sakamako gaban iyaye, amsa uku ce, ko ba shi ya rubuta tambayar ba? Mushe ya ce, "Ni na rubuta ta, shi ya sa na san gurguwa ce." Ni ma na ja shi gefe na ce ya bari, ya roƙa wa yarinyar alfarma a ɓoye, ba wanda zai ji. Ya harare ni. "Alfarma? Haƙƙinta ne. Kuma ba ita kaɗai na cuta ba."

Washegari ya kira yaran ɗaya bayan ɗaya, kowa ya faɗi dalilin amsarsa. Wani ya ce biyar, don in an ce tsakanin Litinin da Juma'a ai da su ake ƙirgawa. Wata ta ce huɗu, don taku huɗu ne daga ɗaya zuwa biyar. Duk mai dalili ya ba shi makinsa. Wanda ya ce a takardar maƙwabci ya gani, ya bar masa sifirinsa.

Nan ɗan Alhaji Garba dillalin shanu, wanda ya zo na ɗaya, ya koma na uku. Alhaji ya zo lakwal da babbar riga yana huci. "Mushe, ni shekarata talatin a kasuwar dabbobi. Ka taɓa ganin an jawo rabin saniya da igiya? Rabi ba lamba ba ne!"

Mushe ya ce, "Alhaji, watandar azumin bara, rabin kaso ka ɗauka, kuma da ka ga ya yi kaɗan sai da aka ji muryarka a tasha."

Har direkta sai da ya juya baya yana dariya. Alhaji bai yi dariya ba, kuma yana da mutane. Bayan hutu takarda ta zo, an mayar da Mushe wata lakwal ta zana a daji, inda ruwa sai an bi jaki. Na je rakiya na ce masa, to ga abin da rabi ya jawo maka. Yana ɗaure katifa bisa mota ya ce, "Can ma akwai yara." Har yau ina ganin da ya bi shawarata, da matarsa Hajara ba ta sha wahalar shekarun nan ba. Na kuma san da ya bi shawarar, da ba zan zauna ina rubuta wannan ba.

Ramatu ta wuce. Na ji ta shiga kwaleji, bayan nan ban san inda rayuwa ta kai ta ba. Abin da na sani, shekarar nan ba ta koma bayan awaki ba.

Abin da na tara a nan bai kai ni gida gaisuwa ya dawo da ni ba, don haka daga nesa nake yi. Allah Ya jiƙan Mushe Ilyasu, Ya yafe masa kurakuransa, Ya yi masa hisabi mai sauƙi kamar yadda ya saurari yaran nan kafin ya yanke musu hukunci. Allah Ya ba Hajara haƙuri, Ya raya abin da ya bari, Ya haɗa 'ya'yansa da malamai masu jin tsoron haƙƙinsu. Amin.