Kamu Biyu Da Hannun Gajere

Shekara goma sha tara ke nan da muka kai Ummaru Sanda makwancinsa a Gwandu, amma har yau idan na bi ta ƙofar maƙerarsu sai na rage tafiya, kamar zan ji ya ƙwalo mini kira: "Gajere, ina za ka da sauri haka, ƙafafun ba su kai ba?" Sunana Manu, masassaƙi ɗan masassaƙi. Shi kuwa maƙeri ne ɗan maƙeri. Ya ƙera ruwan fartanya, in sa mata ƙota, haka muka yi fiye da shekara arba'in. Shi dogo ne, sai ya sunkuya yake shiga zaure. Ni kuwa Allah bai wahalar da tela a kaina ba.

Na daɗe ina son rubuta wannan ina fasawa. Bana dai gwiwoyi sun fara yi mini gargaɗi, na ce gara in faɗa tun da sauran numfashi, domin akwai maganar da Sanda ya rufa mini asiri a kanta har ya koma ga Allah.

Sai na fara da Goggo, don da yawa masu karatu ba su san ta ba. Goggo ba mace ba ce, guduma ce, ƙatuwa, ta kakan babansa. Da tsohon ya rasu ya bar 'ya'ya biyu maƙera, ɗaya ya zauna Gwandu, ɗaya ya koma Kalgo. Aka raba komai, guduma ta ƙi rabuwa. Sai suka yi shiri: kowace shekara bayan an gama kaka, gidan da ba ta hannunsa zai tura mutum ɗaya ya gwada ɗaukarta. In ya ɗauka, ta bi shi. Saboda wannan yawon tsakanin gidajen 'yan'uwa aka sa mata Goggo.

Ɗaukar kuwa ba irin wadda kuke zato ba ce. Ana kwantar da ita ƙasa, a ɗora goro ɗaya bisa kanta. Mai gwadawa ya kama can ƙarshen ƙota da hannu ɗaya, ƙaramin yatsansa a bakin ƙotar, ya ɗago ta a miƙe, kan da ƙotar daidai wa daida, ya aza kan bisa turmin da aka kife. Goro ya faɗi, shi ke nan, sai baɗi. Sau ɗaya ake gwadawa, kuma ba a barin baƙo ya taɓa ta kafin ranar. Ba aikin ƙirji ba ne, ba na kafaɗa ba. Duk nauyin a wuyan hannu yake sauka. Na ga 'yan kokawa da ke cicciɓar buhun shinkafa da wasa sun kama ƙotar nan, ko motsi kan bai yi ba, suka saki suna dariyar kunya.

Lokacin da nake ba da labari, Goggo ta shekara goma sha ɗaya a Kalgo. Baba Macciɗo, mahaifin Sanda, a hannunsa aka ɗauke ta, kuma ya je da kansa sau uku bai dawo da ita ba, har wuyan hannunsa ya lalace. A shekarar da aka mayar da tuƙin mota hannun dama Sanda ya dawo daga aikin titi, ya tarar tsohon ya rame, tari ya kama shi, ido ya fara dushewa. A gabana ya ce masa, "Ummaru, ina son in ji ƙarar Goggo bisa uwar maƙerata kamin in tafi."

Tunda ba a taɓa ta, sai a yi irinta a gida don koyo. Baba Macciɗo ya san nauyinta a tafin hannunsa kamar yadda mace ta san gishirin miyarta. Ya yi ta jinjina ƙarfe, a ƙara, a rage, har ya ce ya yi. Sanda ya ƙera kan. Saura ƙota, aikina ke nan. Tsohon ya ce mini, "Kamu biyu cif, Manu. Kak ka rage, kak ka ƙara." Na ce an gama, Baba. Na tafi dajin wajen Kambaza na saro marke mai kyau, na busar, na sassaƙa, na goge har tana sheƙi. Na aza gwiwar hannuna, daga nan zuwa bakin dogon yatsa, kamu ɗaya. Na sake azawa, kamu biyu. Na yanke. Haka ubana ya koya mini, haka kowa yake awon zane da azara da igiya, kuma ba wanda ya taɓa dawo mini da ƙotar fartanya don ta gaza.

Kai, Allah ya nuna mini naci a wannan shekarar! Sanda bai fara daga ƙarshen ƙota ba. Kusa da kan ya fara kamawa, inda ko ni zan ɗaga. Kowace Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, sai ya ja hannunsa baya da faɗin yatsa ɗaya, ya sa wuƙa ya yi ɗan tsagi a wurin. In ya kai tsagin da goro ya faɗi, ba ya zuciya, sai ya koma baya tsagi biyu ya sake tasowa. Da safe kafin ya hura wuta yana cusa hannu cikin buhun gero har gwiwa, yana buɗe yatsu yana dunƙulewa, har zufa ta karyo masa. Yana matse jiƙaƙƙen ƙirgi kamar mai wanki. A rijiya kuwa ba ya jan guga irin na mutane, sai ya ɗaure igiyar a guntun sanda ya yi ta naɗewa da wuyan hannu, mata na tsaye da tuluna suna ce masa, "Sanda, in wasa za ka yi, ba mu wuri." Matarsa Hajo ta ɓoye taɓaryarta a ƙarƙashin gado, don ta gaji da nemanta a maƙera. Ran Laraba ba ya taɓa guduma ko kaɗan, yana cewa jijiya ba jaki ba ce da za a yi ta duka.

Ni ne mai ɗora goro, ni ne kuma mai cinye wanda ya faɗi, har haƙorana suka yi ja. Ya sha gaya mini cewa ba nauyin ƙarfen ke kayar da mutum ba, nisan da ke tsakaninsa da hannu ne, kuma faɗin yatsa ɗaya a ƙarshen ƙota ya fi dutse. Ina ji ina gyaɗa kai, wallahi ko sau ɗaya abin bai faɗo mini a rai ba. Kafin a yanke gero ya kai tsagin ƙarshe. Sau bakwai a jere ya aza ta bisa turmi, goro ko girgiza bai yi ba.

Muka shiga motar katako zuwa Kalgo, Baba Macciɗo a gaba kusa da direba, an lulluɓa masa bargo. Mutane sun zo har daga Diggi da Wurogauri, masunta sun bar komarsu, makaɗan maƙera na ta kiɗa. 'Yan'uwan na Kalgo suka tarbe mu da fura da gasasshen kifi da tsiya irin ta dangi. Bayan la'asar aka fito da Goggo. Da na hango ta sai gabana ya ɗan faɗi, na ga kamar ta fi tsawo, na ce a raina ido ne kawai.

Sanda ya yi bisimilla ya kama. Kan ya baro ƙasa, ya taso har tsakiyar ƙwaurinsa. Can sai na ga fuskarsa ta canja, ba ta wahala ba, ta mamaki. Hannun ya fara rawa, kan ya sunkuya, goro ya gangara ya tsaya a gaban takalmin tsohon. Aka yi ihu. Baba Macciɗo, da ba ya gani sosai, ya riƙa tambaya, "Ta hau? Ta hau?"

Washegari da hantsi, bayan mun dawo Gwandu, na je maƙera. Na tarar da Sanda shi kaɗai da gudumar koyo bisa cinyarsa. Yana ganina ya aza gwiwar hannunsa a kan ƙotar, kamu ɗaya. Ya sake azawa, sai yatsunsa suka wuce bakin ƙotar suka tsaya a iska. Faɗin yatsa biyar. Kamu biyun Goggo na dogayen gidansu ne, ni kuwa da nawa hannun na auna. Shekara guda cur yana koyon ɗaukar gudumar da ba ita ba ce. Ya dube ni, na dubi ƙasa. Kafin ɗayanmu ya buɗe baki sai ga tsohon yana dogara sanda. Ya ce, "Mi yaf faru, Ummaru? An ce mani sau bakwai ka aza ta nan." Sanda ya ce, "Hannuna ya gaza, Baba." Ina tsaye ina ji, na bar maganar ta tafi a haka. Sanda ya cire ƙotar ya soke ta can cikin rufin maƙera inda hannuna ba ya kaiwa.

Garin nan kuwa ba a raga wa kowa. Aka ce taro ya gani ya tsorata, aka ce girman banza ne, aka laƙa masa Mai-zubda-goro, har a kasuwa. In na fito na faɗi gaskiya, wa zai sake kawo aiki wurin masassaƙin da bai iya awo ba? Na san haka, shi ma ya sani, shi ya sa ya ɗauki laifin. Ni kuma na bar shi ya ɗauka, kuma wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai. Baba Macciɗo bai ga wata kakar ba. Ya rasu da farkon damina, yana zaton ɗansa ne ya kasa.

Bayan sadakar arba'in Sanda ya zo mini da karan dawa a hannu. Ashe ya koma Kalgo ya roƙi ɗan'uwansu ya gwada masa shi a jikin Goggo. Ya miƙo mini ya ce, "Ga kara, Manu. Bi shi." Iyakar maganar ke nan. Na sassaƙa sabuwar ƙota daidai tsawon karan. Ya sake farawa daga kusa da kai, yatsa ɗaya kowace Juma'a. Da kaka ta biyu ta zo ya aza Goggo bisa turmi kamar mai ajiye ƙwarya. Al'ada ce mai nasara ya cinye goron shi kaɗai. Shi sai ya ɓare shi biyu a gaban jama'a, ya neme ni cikin taro ya ba ni rabi. Da muka dawo Gwandu ya buga ta sau uku bisa uwar maƙera, ya ajiye, ya fita bayan gida ya daɗe bai dawo ba.

Yanzu nakan ce, da Sanda zai leƙo, me zai gani? Jikokinsa walda suke yi, kowa da tef ɗin awo a aljihu, mai gajeren hannu da mai dogo duk lamba ɗaya suke karantawa. Da ya yi dariya ya ce an ƙirƙiro shi ne saboda ni. Kwanaki aka nuna mini a waya wasu ƙartin ƙasashen waje suna gasar ɗaga guduma ta ƙarshen ƙota, sun ɗora kwabo inda muke ɗora goro, ana ta tafi. Na ce Allah sarki, ashe abin duniya ne. Na tabbata da ya kalla sai ya ce wancan na sauri da yawa, wancan kuma da kafaɗa yake sata. Samarinmu ma suna ɗaga ƙarfe a birni, ƙirji kamar randa, amma ka ba ɗayansu galma ya yi kunya uku ka ga abin tausayi. Goggo kuwa tana bayan ƙofar shagon walda. Rabon da wani ya taso daga Kalgo ya ce ya zo ɗaukarta, har na manta. Zumuncin ma ya koma gaisuwar waya ran salla.

Ƙarfin hannun ya tafi da shi, wasan ya mutu, masu kiransa Mai-zubda-goro sun kusa ƙarewa. Abin da ya rage, a wurina dai, shi ne na zauna da mutumin da yake da gaskiya a hannu, ana yi masa dariya a kasuwa, ya ƙi buɗe hannun don kada in ji kunya. To, mutanen Gwandu da na Kalgo, wanda ya rage cikinku ya ji: Sanda bai tsorata ba, hannunsa bai gaza ba. Ƙotar ce gajeriya, kuma ni na yanke ta.

Fiye da shekara talatin bai taɓa tayar mini da zancen ba, ko a raha, ko a faɗa, sai sau ɗaya. Kwana biyu kafin rasuwarsa muna zaune kewaye da shi bayan azahar, ya buɗe ido ya kira babban ɗansa Bello. Ya ce, "Ku ji ni da kyau. In na mutu, kak ku bar Manu shi auna mani likkafani. Ƙafafuna za shi bari waje." Ɗakin ya kwashe da dariya, har Hajo da ke share hawaye, suna zaton tsiyar gajartata ce da ya saba. Ya dube ni yana murmushi. Ni kaɗai na fita.

Ranar jana'iza Bello ya auna likkafani da nasa hannun, kamar yadda aka bar masa wasiyya. Ni kuma na ce a ba ni karan da ake gwada tsawon mamaci don masu haƙa. Na gwada daga kai zuwa diddige, na sake gwadawa, sannan na ja hannuna gaba kafin in karya. A maƙabarta mai haƙa ya aza karan ya ce, "Malam Manu, ai wannan ya yi yawa, akwai rarar wajen yatsa biyar."

Na ce masa, "Haƙa haka nan. Nasa ne."