Malam Ya'u da Inuwar Mangwaro

In an sallame sallar asuba Malam Ya'u ba ya komawa barci. Zai sha kokonsa, ya rataya tsohuwar jakarsa, ya bi ta bayan tashar Kawo inda 'yan kamasho ke ta kiran Zariya da Kano, ya buɗe wani ɗan shago da bai fi ɗakin girki ba. Ya yi shara, ya yayyafa ruwa a ƙofa, sannan ya ɗauki buroshi ya bi kwamfutocin da ke jere a kan kanta yana kakkaɓe su yana yi musu magana ƙasa-ƙasa. Na taɓa jin ya ce wa wata daga cikinsu, "Ke kuma yau ma tarin za ki yi mana?" Sama da shekara ashirin ke nan yana wannan, kuma ƙarshen watan nan zai rufe shagon, don likita ya ce idanunsa sun gaji da kallon ƙananan abubuwa.

Aikinsa ba mai sauƙin bayani ba ne, amma zan gwada. Kwamfutocin da ke zuwa wurinsa tsofaffi ne, irin waɗanda ofisoshi suka yi gwanjonsu, ko babban wa ya gama da su ya miƙa wa ƙane. Sabon Windows ba ya hawa kansu. Sai Malam Ya'u ya ɗora musu Linux, wata babbar manhaja ta kyauta wadda kowa ke iya buɗe cikinta ya gyara. Matsalar ita ce yawancin gem, wato wasannin kwamfuta, da mutane ke saye ba don Linux aka yi su ba. To a nan gwanintarsa take. Akwai wata manhaja, Proton, da ke tsayawa tsakani kamar tafinta, shi kuma ya san halinta ciki da bai. Ya san gem ɗin da zai tashi nan take, ya san wanda sai an lallaɓa shi.

Ku tambayi Dauda direba. Mutum ne da zai yini yana tuƙi tsakanin Kawo da Zariya, ya dawo gida ya kunna gem ɗin tuƙa tirela, wai yana hutawa. Allah ɗaya, gari bamban. Shi ya ba ni labarin ranar da ya kai wani gem na harbi, Malam Ya'u ya duba ya miƙa masa abinsa. "Wannan kam ba zai tashi ba, Dauda. Masu shi sun kulle ƙofa daga ciki. In na ce maka zan iya, na yi maka ƙarya." Kuma duk dabarar da ya gano, sai ya rubuta ta a dandalin masu Linux a intanet, don wani da bai san shi ba ya huta da wahala.

Amma abin da ya bambanta shi da sauran masu gyara tambaya ce guda. A wurare da yawa kana ajiye kwamfuta za a ce a yi mata fomatin, wato a share komai a fara sabo. Shi ba ya taɓa komai sai ya dube ka ya ce, "Me ke ciki wanda ba ka son rasawa?"

Ni wannan tambayar ce ta sa nake rubutun nan.

Ƙanena Zaharaddeen ya rasu bara bayan gajeriyar rashin lafiya, ya bar matarsa Sa'adiya da 'yarsu Aziza, mai shekara goma sha ɗaya. Ma'aikacin gwamnati ne, kuma a gidan ma'aikata suke zaune a Unguwar Sarki, don haka bayan an gama takaba dole suka tashi suka dawo wurina. Zaharaddeen yana da wani gem na gina gari da ya saya, shi da Aziza suka yi shekaru suna gini a ciki. Ni dai tsiya nake masa, in ce ƙato da gemu yana wasan ƙasa. Ban san gidansu suka gina ba, da layinsu, da masallacin kwana, da bishiyar mangwaron tsakar gida da benci a gindinta.

Wata rana laftof ɗin Zaharaddeen, wadda gem ɗin ke ciki, ta ƙi tashi. Na kai ta wurare biyu, duka suka ce fomatin. Aziza ba ta yi kuka ba, shi ya fi tayar mini da hankali. Ta daina cin abinci sosai, ta riƙa kwana da laftof ɗin a gefen filo. Gidan gaske ya riga ya fita hannunsu, na cikin gem ɗin ne kaɗai ya rage mata, shi ma yana shirin tafiya.

Dauda, maƙwabcinmu ne, shi ya kai mu Kawo. Malam Ya'u ya sauke tabarau ya yi tambayarsa. Kafin in buɗe baki Aziza ta ce, "Gidanmu ne a ciki, Baba."

Bai yi dariya ba. Ya ce, "To, 'yata, ba a rushe gida da mutane a ciki. Bari mu fara kwashe kaya."

Ya soka filashi, ya tayar da laftof ɗin da Linux, ya lalubo inda gem ɗin ke ajiye gininsu, ya kwafe shi wuri biyu kafin ya taɓa wani abu. Bayan 'yan kwanaki ya kira mu. Gem ya tashi, yana gudu sumul. Ga layi, ga masallaci, ga ƙofar gida. Ni har na fara godiya. Aziza ta shiga tsakar gida, ta tsaya, ta daɗe tana kallo.

"Baba Ya'u, ina inuwar?"

"Wace inuwa?"

"Ta mangwaro. Kullum kafin mu rufe, Abba yana cewa mu je inuwa mu huta."

Na ga fuskar dattijon nan ta sauya. Ashe abu na farko da duk mai wannan sana'a ke yi in kwamfuta ba ta da ƙarfi shi ne ya kashe inuwa, don ita ta fi komai cin ƙarfin na'ura. Hannunsa ya saba, ya kashe ba tare da ya yi tunani ba. Ya mayar da ita a gabanmu, nan take gem ɗin ya fara tsalle-tsalle yana maƙalewa, fanka na ihu kamar injin markaɗe. Da inuwa ba ya tafiya, ba inuwa kuma ba gidan Abba ba ne.

Na ce, "Malam, ai ka yi ƙoƙari. Aziza, a yi haƙuri haka."

Ya ce, "A'a, Hajiya. Na tambaye ta abin da ba ta son rasawa, ta faɗa mini, ni ne ban gama saurare ba. Ku bar mini ita."

Malam Ya'u, kai ne ka zauna da idanun da likita ya ce ka hutar, kana gwada wannan samfurin Proton ka sauke ka gwada wancan. Kai ne ka kwance laftof ɗin ka wanke fankarta. Kai ne ka sa aka riƙa kawo maka Aziza bayan Islamiyya, kana tambayarta ɗaya bayan ɗaya, "Gajimare fa, za ki iya haƙura da shi? Ƙyallin ruwa fa?" Ta bar maka gajimare, ta bar maka ƙyallin ruwa da motocin nesa, ta ƙi barin ganyen mangwaro. Kuma kai ne, da abin ya rage kaɗan, ka zare ram, ɗan ƙarfen da ke ƙara wa na'ura sauri, daga kwamfutar da kake aiki da ita ka sa a tamu. Ba ka faɗa ba. Dauda ne ya tona maka asiri, da ya ga taka ta koma tafiyar hawainiya.

Ranar da ka kira mu karo na biyu, la'asar ce a waje, la'asar ce a cikin gem ɗin. Aziza ta shiga tsakar gida. Inuwa ta miƙo daga gindin mangwaro a hankali, ganye na motsi a cikinta, har ta rufe bencin. Ta zaunar da 'yar mutum-mutuminta a can gefe guda, ta bar sauran wurin. A nan ne ta fashe da kukan da ta daɗe tana riƙewa, ni ma na taya ta, kai kuma ka juya mana baya kana ta kakkaɓe kwamfutar da ka riga ka kakkaɓe.

Da tsohuwar zuma ake magani, kai da kwamfutocinka duka. Mun gode, Malam Ya'u. Na gode a madadin Sa'adiya, da kuma a madadin ƙanena da ba ka taɓa gani ba amma ka gyara masa gida. Allah ya ba idanunka lafiya, ya sanya ka a inuwarsa ranar da babu wata inuwa.

Ku kuma matasan da ke wannan sana'a daga Kawo har Kinkinau, ku je ku gaishe shi kafin wata ya ƙare. Ku koyi Linux a wurinsa in kuna so, amma ku fara koyon tambayar, kuma ku tsaya ku ji amsar har ƙarshe.

Jiya na leƙa ɗaki na tarar da Aziza da laftof a cinya, kwanon abincinta wayam a gefe. Ta ɗago ta dube ni, ta nuna mini bencin.

"Gwaggo, zo ki zauna. Abba ba zai hana ki ba."