Ranar da Kwamfutar Baba Ta Juya Masa Baya

Wata Asabar ce a tsakiyar damina, shekarar da nake aji biyar na firamare. An kwana ana ruwa, tsakar gidanmu na Ƙofar Galadima ta yi sharkaf. Ina tsugune a bakin rijiya ina wanke kwanukan koko, sai na ji Baba ya ƙwala wa Inna kira daga zaure da wata murya da ban san shi da ita ba. Na bi bayanta da kumfa a hannu. Muka same shi a kan buzu, kwamfutarsa a cinya, tabarau ya zamo zuwa karan hanci. Hoton dutsen Kufena da ke fuskar kwamfutar ya ɓace, takardunsa ma babu ko ɗaya. Sai wani baƙin allo mai ƙananan rubutu farare, da ɗan layi yana ta ƙiftawa. "Tambayoyin jarrabawa sun tafi," in ji shi. "Ina Sa'ade?"

Baba malamin labarin ƙasa ne a wata sakandare, kuma ran Litinin ake jiran ya miƙa tambayoyin ƙarshen zango. Kwamfutar nan ita kaɗai ce a gidan. Takan kwana a cikin akwatinsa, tsakanin manyan riguna, kuma babu mai taɓa ta sai Yaya Sa'ade, babbar yayarmu, wadda ke karanta kimiyyar kwamfuta a jami'a. Ita ma sai bayan la'asar ake ba ta. Ran nan kuwa tun da sassafe ta tafi Wusasa wurin ƙawarta Rifkatu, 'yar ajinsu.

Gaskiya zargin bai fara daga ranar ba. An ɗan jima kwamfutar na wani nauyi, sai Baba ya danna abu ya sha shayinsa kafin ya buɗe. Fankarta na kuka kamar injin markaɗe, ƙasanta ya yi zafi har ya gasa cinya. Yaya kuma ta koma mai yawan tsaki. Ta kashe, ta kunna, ta shiga wani shuɗin allo da ba mu taɓa gani ba, ta fito, ta dafe kai. Gwaggo Asabe, yayar Baba da ke zaune da mu, tana ɗinkin hula a ƙofar ɗakinta amma idonta na kan kowa. "Ni dai ban yarda da rubutun da ba hoto ba," takan ce. A lokacin ana ta labarin samarin da ke damfarar mutane ta kwamfuta, ga shi kuma ƙanen Rifkatu ɗalibin Baba ne. Ni kaina ina da nawa zargin, don na taɓa leƙawa ina tsince shinkafa, na ga Yaya ta buɗe wata 'yar taga, a cikinta wata kwamfutar ta tashi daban, ta nemi kalmar sirri wadda ba irin ta Baba ba.

Aka kira wayarta, a kashe. Wannan ya ƙara rura wutar zargin. Gwaggo ta ajiye allura ta shiga haɗa zance: an kwashe tambayoyin, an goge sawu, an kai Wusasa. Inna ta ce a bari yarinya ta dawo tukuna, ta ci gaba da tankaɗe. Baba bai yi faɗa ba. Ya ɗauko biro ya fara tsara wasu tambayoyin daga ka, ya ce idan abin da ake zato ya tabbata, Sa'ade ta gama da kwamfuta, ta gama da zuwa Wusasa. Ƙawayena suka yi ta kirana carafke a soro, na ƙi fita. Na zauna ina tuna alewar da Yaya take sayo mini, ina tunanin ko duk toshiyar baki ce.

Bayan azahar Yaya ta yi sallama, gefen hijabinta duk taɓo. Ba a bari ta cire takalmi ba Baba ya juya mata kwamfutar. Ta duba, ta ce, "Wayyo, na manta ban rufe ta ba." Ta danna maɓalli biyu tare. Nan take baƙin allon ya tsuke ya koma 'yar taga, Kufena ya dawo, takardun Baba suka jeru a inda suke. Ashe jiya da aka ɗauke wuta ta rufe murfin a gurguje, tagar ta mamaye fuskar allon gaba ɗaya.

Na zaci za a yi dariya, amma Baba ko murmushi bai yi ba. "Mene ne wannan a ciki?" Yaya ta ce kwamfuta ce ta gina a cikin tasa, don darasinsu na rubuta manhaja na bukatar wani tsari daban, kuma ta ji tsoron girka shi kai tsaye kada ta lalata masa aiki. "Kamar ɗaki ne a cikin gida, Baba, da ƙofarsa. Abin da ke ciki ba ya ganin naka."

"Wa ya ba ki izinin gini a gidana?" in ji shi. Ya ce to ta nemo tambayoyin daga cikin ɗakin nata, yana kallo, ya ga ko an kwafe su can. Ta rubuta sunan takardar, aka jira, babu. Ya sa ta sake da wani sunan, babu. Ya tambayi dalilin nauyin da kukan fanka. Ta ce laifinta ne, ta yanka wa ta cikin kaso mai yawa na ƙwaƙwalwar, ta bar tasa da yunwa, sannan akwai wani saiti a shuɗin allon da ya kamata a kunna, wanda sai yau Rifkatu ta nuna mata a tata kwamfutar. A gabansa ta rage kason, ta kunna saitin, ta tayar da su duka biyun. Fankar ta yi ɗan gurnani ta lafa.

Duk da haka Baba bai miƙa tsofaffin tambayoyin ba. Waɗanda ya rubuta da biro ya kai ran Litinin, bai kuma taɓa faɗa mana dalili ba. Ya kafa doka: ɗakin na iya zama, amma aiki a tsakar gida za a riƙa yi, allo na fuskantar jama'a, ni kuma in zauna kusa da ita. An sa ni gadi, sai na ɓuge da karatu. A kan tabarmar nan, tsakanin turmi da igiyar shanya, na ga yadda ta yi fama kafin ta cikin ta yarda ta sha intanet daga na'urar modem da ke maƙale a jikin ta wajen. Na ga ta lalata ta gaba ɗaya da umarni guda, sannan ta mayar da ita yadda ta adana ta tun da farko, kamar ba a yi komai ba. Gwaggo ta ga wannan ta matsar da kujerarta. "Abin da zai mutu ya tashi a gabana, ba da ni ba," ta ce. Har ta bar duniya ba ta yarda da shi ba.

Yau wannan ne aikina. Nakan tayar da irin waɗannan kwamfutoci a wasu injinan da ban san ƙasar da suke ba, in rushe su kafin shayina ya huce. Yaya Sa'ade na can Legas da iyalinta, gidanmu an raba shi da katangar bulo. Ina zaune ni kaɗai a ofis mai sanyi, allona na fuskantar bango, babu mai leƙowa ya ce me nake ɓoyewa. Sai yanzu na gane cewa mai damuwa da kai ne ke tsare ka da tambaya.