Ranar da Na Shanye Awon Taga

Tagar ɗakin kakata, wadda muke kira Inna, ba taga ba ce, huda ce. In ƙadangare ya leƙo ta ciki sai ɗakin ya yi duhu. Tun ina shekara bakwai nake kwana tare da Inna, kuma duk karatun jarrabawar da na yi a ɗakin nan da lalube na yi shi. Na sha roƙonta a faɗaɗa, amsarta ɗaya ce:

"Mijina ne ya huda ta da hannunsa. Duk wanda ya taɓa mini bango, ya naɗe tabarmarsa."

Naɗe tabarma kuwa yana nufin komawa ɗakin ƙannena huɗu, inda ake kwanciya a tudu a tashi a fadama. Ko a mafarki ba na so.

Bayan an gama yankan dawa sai Inna ta tafi suna Dingaya, can ƙasar Gwaram, za ta yi mako guda. Motar ba ta gama ɓacewa ba na hau zuga Baba. Na ce masa Inna takan yi rabin yini tana neman kafar allura, duhu zai cinye mata ido. Baba mutum ne da ba ya ba magini aikin gidansa, dama hannunsa na ƙaiƙayi.

Ya ce, "Zan yi. Amma in ta dawo ke za ki tsaya gabanta. Ni ɗanta ne, na san nauyin hannunta."

Na ce ya bar ni da ita.

Ranar Asabar ya zana girman sabuwar tagar da gawayi, ya fara huda sama ya zura azara biyu don kada bangon ya zauna, sannan ya sa diga. Ni ina kwasar ɓaraguzai a kwano. Haske ya faɗo ɗakin kamar an ture shi. A ranar na san ashe kwanukan Inna suna da fure.

A gidanmu ba a awo da tef. Kara ake yankawa, ɗaya daidai tsawo, ɗaya daidai faɗi, a kai wa mai aiki. Baba yakan ce takarda tana ƙarya, kara ba ya yi. Da ya duba bai ga busasshen kara kusa ba, sai ya zaro biyu daga damin takandar da Inna ta noma a bayan gida ta jingine a bango. Ya auna, ya yanke, ya miƙo mini.

"Riƙe da kyau. Taga ce a hannunki."

Muka hau babur daga wajenmu na Surko zuwa Birnin Kudu, shi a gaba, ni a baya da takanda biyu. Duk wanda ya san takandar Inna ba zai ga laifina ba. Ƙudan zuma ma sai da suka raka mu har bakin titi. Na ga gindin doguwar bai yanku sumul ba, na ce bari in daidaita shi da haƙori. Gaɓa ɗaya ta tafi. Na duba na ga yanzu ma bai daidaita ba. Ta biyu ta bi ta. Baba yana ta ba ni labarin yadda ake kafa taga, ni kuma ina amsa masa da "uhm", don bakina a cike yake.

Mai walda ya karɓi awon ya jujjuya.

"Malam, tsawo da faɗi kusan ɗaya ke nan?"

Baba yana can yana gaisawa da wani, bai ko waiwayo ba. "Abin da kara ya ce shi za ka yi."

Mutumin ya ƙura wa gindin takandar ido, ya dube ni. "Wannan kamar akuya ta taɓa shi."

Na ce, "Haka ya fito daga gona."

Ranar Laraba aka kawo taga, koriya, mai murfi biyu da sandunan ƙarfe. Muka ɗaga ta ni da Baba. Faɗi ya zauna cif kamar an haife ta a wurin. Amma da ya manna ta da azarar sama, sai ga rami a ƙasa wanda ɗan akuya zai wuce bai sunkuya ba.

Na ce, "Baba, ko bangon ne ya ƙara tsawo?"

Ya je bayan ɗaki ya zaro wata takandar, ya kara a ramin.

"Gaɓa biyu," in ji shi. Ya dube ni. "Da zaƙi?"

"Da zaƙi, Baba."

"To madalla. Tagar tawa ce, ramin naki ne. Jibi Inna za ta dawo."

Ya tokare tagar da itace, ya daidaita ta da igiya da dutse, ya cike gefunan da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, ya wanke hannu ya tafi masallaci.

Na zauna gaban ramina. Bangon Inna kauri gare shi, ya kai kamu guda. In na cika shi da ɗanyar ƙasa ba zai bushe kafin Juma'a ba, da yatsa ɗaya za ta tona asirina. Sai na tsinto tsofaffin tubalan da muka fasa, waɗanda ba su farfashe ba, na toshe ta waje kawai, na bar cikin a buɗe. Na yi masa siririn yaɓe, na shafe da tafin hannu har ya yi santsi. Ga alkuki ya fito. Safiyar Juma'a na shimfiɗa masa ƙyalle, na jera rediyon Inna da gwangwanin goronta da carbinta.

Bayan la'asar Inna ta iso. Baba ya tuna yana da aiki a gona. Ta tsaya a bakin ƙofa da ƙullin kayanta a ka, ta dubi tagar, ta dube ni.

"Wa ya taɓa mini bango?"

"Ni ce, Inna. Ga azarar ma, irin wadda mijinki marigayi Malam yake so ce."

"Ke kin san Malam ne, uwar iyayi?"

Ta sauke kaya, ta buɗe murfi ɗaya ta rufe, ta buɗe ɗayan. Ta ɗauko allura da zare, ta zura sau ɗaya ya shige. Na ga ta yi saurin ɓoye fuska. Sannan ta shafa alkukin.

"Wannan fa?"

"Tun farko haka na tsara, don rediyonki."

Ta fita. Na ji ta a bayan ɗaki tana taɓa damin takanda, ni kuma na fara kallon tabarmata ina yi mata ban kwana. Ta dawo da guda a hannu, ta kara a alkukin, daidai yadda ɗanta ya yi.

"Gaɓa biyu," ta ce.

Na sunkuya zan naɗe tabarmata.

"Bar tabarmar a inda take." Ta karya takandar ta miƙo mini rabi. "Amma ke ba ki iya aiki ba. Da kin sha uku, da fitilata ma ta shiga."